A Riƙa Tambayar Iyaye Kafin a Kira Su Taron Makaranta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin ilimi na Jihar Kebbi, da shugabannin makarantu, da 'yan uwana iyayen yara, a kan yadda ake shirya taron iyaye da malamai a makarantunmu na firamare da sakandare. Ra'ayina shi ne, muddin ba a fara bin iyaye ana tambayar su abin da ke damun su kafin ranar taro ba, kuma a dawo a faɗa musu abin da aka yi da amsarsu, taron zai ci gaba da zama wurin sanar da ƙarin kuɗi kawai, iyaye kuma za su ci gaba da ƙaurace masa kamar yadda suke yi yanzu.

Duk wanda ya saba halartar irin wannan taro ya san yadda yake tafiya. Ranar Alhamis za a aiko yara su ce ana neman iyaye ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. A fito da bencina a jera su a gindin darbejiya, a kafa tebur a gaba domin hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, da ma'aji, sannan a zauna jiran jama'a har rana ta take. Bayan liman ya buɗe da addu'a, hedimasta zai karanto matsalolin makaranta, daga rufin ajin da iska ta kware da damina zuwa ƙarancin kujeru da albashin mai gadi, daga nan a gangaro kan abin da kowane uba zai biya a wannan zango. Mutum uku ko huɗu da suka saba magana a kowane taro su ne za su miƙe, a ja ciniki kaɗan a kan adadin kuɗin, shugaba ya tambaya ko an amince, a amsa da murya ɗaya cewa an amince, a shafa fatiha a watse domin azahar ta yi. Uban da ya baro gonarsa ya zo da tambaya guda a ransa, wato dalilin da ya sa ɗansa yake aji biyar amma har yau bai iya haɗa baƙi ba, haka zai koma gida da tambayarsa. A zango na gaba ba zai zo ba, malamai kuma su ce iyayen wannan gari ba su damu da karatun 'ya'yansu ba.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da muka saba cakuɗawa. Akwai babban taro na duk iyaye, inda ake maganar gini da kuɗi da tarbiyya, akwai kuma ganawar da uba ko uwa za su yi da malamin ajin ɗansu su kaɗai, a buɗe littattafan yaron a duba rubutunsa, a duba rajistar zuwansa makaranta, a faɗi inda yake da ƙoƙari da inda yake da rauni. Wasu makarantu masu zaman kansu a Birnin Kebbi da sauran manyan garuruwa suna ware rana domin irin wannan ganawa, amma a yawancin makarantun gwamnati da na sani, takardar sakamakon jarrabawa ce ake miƙa wa yaro a ƙarshen zango ya kai gida, a rubuce da Turanci, ga uban da sau da yawa ba zai iya karanta ta ba sai dai ya tambayi yaron ko ya zo na nawa. Wannan ganawa ta biyu ita ce ta fi amfani ga yaro, kuma ita ce ba a yi.

Ba tsari muka rasa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma wajibi, har ta tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, a kowace makaranta, inda aka tanadi kujera ga mai sarautar gargajiya, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da wakilan PTA, har da su ɗaliban kansu. Jihar Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 domin karatun 'yan mata a sakandare, kuma ta hannun waɗannan kwamitoci ne tallafin gyaran makarantu yake bi. Gwamnan jihar, Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, shi kansa malami ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, don haka ba a buƙatar yi masa dogon bayani a kan abin da ke tsakanin aji da gida. Abin da ya rage shi ne, doka ta ɗora wa uba nauyin kawo yaro, amma babu wata tsayayyiyar hanya da aka shimfiɗa domin a ji ta bakinsa bayan ya kawo shi.

Wani zai ce ai shi taron ne hanyar, duk mai magana ya ɗaga hannu ya faɗa. Mai faɗin haka bai yi la'akari da halin mutanenmu ba. Talaka ba zai miƙe a gaban hakimi ko wakilin uban ƙasa ya ce malam wane ba ya shiga aji ba, musamman idan malamin maƙwabcinsa ne, ko surukin wani babba, ko kuma shi ne mai ja musu salla a unguwa. Akwai kunya, akwai kawaici, akwai kuma tsoron kada abin ya koma kan yaro a cikin aji. Wanda bai biya kuɗin zangon da ya wuce ba, ko ya zo a baya zai raɓe. Su kuwa mata, waɗanda su ne suke tashin yaro da safe, suke wanke masa kayan makaranta, suka san ranar da ya dawo da kuka da ranar da ya ƙi zuwa, yawancinsu ba sa zuwa taron ko kaɗan, in ma sun zo a gefe guda suke zama ba su ce uffan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan taro masu ɗakin ba su ne suke magana ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa yin ɗan binciken jin ra'ayi, mako biyu ko uku kafin kowane taro, a tambayi iyaye a keɓe, ɗaya bayan ɗaya, sannan a gina ajandar taron a kan abin da suka faɗa. Sai dai ina tsoron yadda za a aiwatar da shi idan aka bar shi a hannun masu zama a ofis, domin na san abin da zai fara zuwa musu a rai: a tsara fom da Turanci a Google Forms, a tura shi zauren WhatsApp na iyaye, a jira amsa. Wannan zai yi aiki a makarantar kuɗi ta 'ya'yan ma'aikata. A makarantar gwamnati ta ƙauyen Augie ko Suru ko Bagudo kuwa, waɗanda za su amsa su ne 'yan ƙalilan masu babbar waya da kuɗin data da ilimin boko, wato dai mutanen nan uku ko huɗu da suka saba magana a taro. Daga nan sai a rubuta rahoto a ce iyaye sun ce kaza, alhali mafi yawansu ba su ma san an yi tambayar ba, kuma wannan ya fi rashin tambayar muni, domin yanzu an samu takardar da za a kafa hujja da ita.

Hanyar da ta dace da mu ita ce ta baki da baki. A rubuta tambayoyin da Hausa, boko da ajami a takarda ɗaya, domin dattawa da dama da ake kira marasa ilimi suna karanta ajami sarai, kuma suna jin an mutunta su idan aka miƙa musu takardar da za su iya karantawa da kansu. Wanda ba ya karanta ko ɗaya, a karanta masa a rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ba tare da gyara ko ƙawatawa ba. Kada kuma a manta cewa Kebbi ba Hausa kaɗai ake yi ba. A ƙasar Zuru akwai gidajen da Dakarci ne harshen cikin gida, a ƙasar Yauri akwai Kambari da Gungawa, a wajen Kamba da bakin iyakar Nijar da Benin akwai masu Zabarmanci da Dandanci, ga kuma Fulani a rugage ko'ina cikin masarautun jihar huɗu. Mazan waɗannan wurare galibi suna jin Hausar kasuwa, amma uwa ta fi sakin jiki ta faɗi abin da ke ranta da harshen da take yi wa ɗanta faɗa da shi, saboda haka mai tambaya ya zama ɗan gari ne.

Maganar mata tana buƙatar a tsaya a kanta. Namiji baƙo ba ya shiga gidan matan aure, wannan kowa ya sani, kuma idan aka tsaya a zaure aka tambayi maigida, za a ji rabin labari ne kawai. Amma mun riga mun ga yadda ake warware wannan a harkar lafiya, inda matan unguwa suke bi gida-gida lokacin rigakafin shan inna, su yi sallama su shiga har tsakar gida, su zauna a kan tabarma su yi magana da uwa tana tsaka da aikinta. Wakilan mata na SBMC, da malaman Islamiyyar matan aure, da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida, duk za su iya wannan aiki idan aka koya musu na yini guda, bayan an nemi izinin mazajen ta hannun mai unguwa da liman. A bakin uwa ne za a ji cewa yarinya ta daina zuwa makaranta ne saboda babu makewayi mai ƙofa, ko saboda wasu samari suna tare hanya, ko saboda tallan da take yi da safe shi ne kuɗin cefane. Uba ba zai faɗi waɗannan a bainar jama'a ba, wani lokaci ma bai san su ba.

Sharaɗi na gaba shi ne kada malamin aji ya zama shi ne mai tambaya ko mai karɓar takardun, kuma kada a aika su ta hannun yara. Ba zargin malamai nake yi ba, amma babu uban da zai rubuta gaskiya a takardar da ya san za ta faɗa hannun wanda yake riƙe da makin ɗansa. Kada a rubuta sunan uba ko na yaro, a rubuta aji kawai. A sa amsoshin a akwati mai kwaɗo, a buɗe shi a gaban mutum uku: wakilin iyaye maza, da wakiliyar mata, da malami guda wanda malamai suka zaɓa. Tun 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka, amana ce, kuma ranar da aka ji cewa hedimasta ya san wanda ya ce kaza, daga ranar binciken ya mutu a wannan gari.

Tambayoyin su zama kaɗan, kada su wuce shida ko bakwai, kuma su zama irin waɗanda mutum zai amsa daga abin da ya gani da idonsa. Idan aka tambayi Bahaushe ko ya gamsu da makaranta, zai ce alhamdu lillahi, malamai suna ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri, kuma ba ƙarya ya yi ba, ladabi ne. Amma a tambaye shi kwana nawa ɗansa ya yi bai je makaranta ba a watan da ya wuce da kuma abin da ya hana shi. A tambaye shi ko ya san sunan malamin ajin yaron, kuma ko sun taɓa magana ido da ido. A tambaye shi ko yaron yana iya karanta masa saƙon da aka turo a waya. A tambaye shi ko an taɓa yi masa bayanin inda kuɗin PTA na bara ya tafi. Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma amsar tana nuna wa makaranta inda za ta sa hannu. A ƙarshe a bar masa fili ya faɗi abu guda da yake so a tattauna a taron, da bakinsa.

Akwai tambaya ɗaya da nake ganin ta fi sauƙi kuma ta fi saurin kawo canji, wato wace rana da wane lokaci ya fi dacewa a kira taro. Abin mamaki ne yadda ake sa ranar taro bisa jin daɗin ma'aikaci mai hutun Asabar, a garin da jama'arsa manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. A ƙasar Argungu, idan shinkafa ta fara nuna, jan-baki kuma ya sauko, babba da yaro suna fadama tun asuba suna korar tsuntsu, kuma babu taron da zai raba manomi da gonarsa a wannan mako. Mai albasa a Aliero yana da nasa lokacin, mai bin kasuwannin mako yana da nasa. Wataƙila amsar ta nuna cewa bayan la'asar ya fi, ko bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ko kuma a raba taron biyu, na maza daban, na mata daban a harabar Islamiyya. Kuma a tabbata an kai tambayar ga waɗanda ba sa zuwa taro da waɗanda suka cire 'ya'yansu daga makaranta, domin su ne suke riƙe da bayanin da makaranta ba ta da shi.

Ba zan tsallake maganar tsaro ba, ko da yake tana da nauyi. Bayan harin sace ɗalibai da aka kai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, da na makarantar 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a watan Nuwamba 2025, da na Jangebe a maƙwabciyarmu Zamfara a watan Fabrairu 2021, babu uban da yake da ɗa a makarantar kwana da wannan tunani ba ya hana shi barci. Iyaye sukan ga abin da hukuma ba ta gani ba: katangar da ta rushe ta baya, hanyar da yara suke bi ta cikin daji, baƙin fuskokin da aka fara gani a kasuwa. Irin wannan bayani ba a faɗin sa a taron da ba ka san duk wanda yake zaune ba. Takardar da babu suna a kanta tana iya ɗaukar sa, da sharaɗin cewa wannan sashe ba za a karanta shi a bainar jama'a ba, shugaban makaranta da shugaban kwamitin SBMC ne za su kai shi ga hukumar da ta dace a ranar da suka gan shi.

Na san malamai za su yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya ga ajin da ya ninka haka. Malamin da yake da yara 80, idan zai ba kowane uba minti biyar kacal, sai ya shafe kusan awa bakwai yana magana, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. A nan ma binciken yana rage nauyi, domin zai nuna ajin da iyayensa suka fi damuwa da matsalar da ta fi yawa, a fara da ita, a raba ganawar a kan kwanaki, a fara kiran iyayen yaran da suka fi fashi da waɗanda suka fi rauni a karatu. Dole ne kuma hukuma ta fito fili ta ce ba za a yi amfani da amsoshin iyaye wajen hukunta malami ko yi masa canjin wurin aiki ba, in ba haka ba malamai za su yaƙi abin a ɓoye har ya mutu. Sannan ba duk abin da iyaye suka nema ne daidai ba. Za a samu masu cewa a ƙara bulala, da masu cewa a ciyar da yaro gaba ko bai ci jarrabawa ba, da masu son a saki yara da wuri ranar kasuwa. Jin ra'ayi ba ya nufin bin kowane ra'ayi, amma idan makaranta za ta ƙi, ta faɗi dalilinta a gaban waɗanda suka nema.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jin tsoron za a yi sakaci da shi. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa da takarda da biro su yi tambayoyi su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Idan makaranta ta tambayi iyaye sau ɗaya ba ta dawo musu da komai ba, karo na biyu ko ƙofa ba za a buɗe wa mai tambaya ba. Saboda haka abu na farko a ranar taro, kafin jawabin hedimasta kuma kafin a ambaci kuɗi, shi ne wakilin iyaye ya miƙe ya karanta da Hausa cewa gidaje kaza aka tambaya, ga abubuwa uku da aka fi ambata. A ɗauki kowanne a ce wannan makaranta za ta gyara shi kafin ƙarshen zango kuma wane ne zai tsaya a kai, wannan aikin iyaye ne, wannan kuwa ya fi ƙarfinmu, za mu rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A rubuta su a allo ko a manna a ƙofar ofis, a kuma ba matan da suka bi gidaje su koma su faɗa wa iyaye mata abin da aka yanke. Taro na gaba ya fara da karanta waɗancan alkawura, a ji wanda aka cika da wanda ba a cika ba.

Abin da wannan aiki yake buƙata bai wuce takarda da kuɗin buga ta da ɗan abin shan ruwa ga masu bin gidaje ba, kuma bai kamata a mayar da shi dalilin ɗora wa iyaye sabon kuɗi ba. Ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da Ma'aikatar Ilimi su tsara takardar tambayoyi guda ɗaya, gajeriya, da boko da ajami, su gwada ta a makarantu biyu ko uku a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 21, a haɗa da na ƙauye da na gari, na zango biyu a jere. Sakatarorin ilimi su karɓi taƙaitaccen sakamakon kowace makaranta, ba takardun iyaye ba, su duba ko yawan masu halartar taro ya ƙaru, musamman mata, kafin a yanke shawarar faɗaɗa shi. Shugaban makarantar da ya ga zai iya kuwa, babu dokar da ta hana shi zama da kwamitinsa ya fara tun daga zango mai zuwa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wassalam,
Wani mahaifi kuma tsohon malamin makaranta,
Argungu, Jihar Kebbi.